Cajin Wayar Inna Altine

Ranar Alhamis da hantsi, a gidan Malam Nu'man da ke bayan kasuwar Illela, Raihana na durƙushe a tsakar gida tana cusa kaya a jaka, Ummu kuma na bayanta tana zare su ɗaya bayan ɗaya.

"Ummu! Wallahi in kika sake fiddo hular Abbanki sai na ɗaure ki a ƙafar gado!"

"Ni ba ni son shi tahi," in ji yarinyar, ta ɗora hular a kanta ta rufe mata har hanci.

Nu'man ya fito daga ɗaki yana dariya. Malami ne a Islamiyyar gidansu, kuma zai raka ɗalibansa musabaƙar karatu a Sakkwato na kwana goma. Ya cire hular daga kan 'yarsa, ya dubi matarsa.

"Amarya, kwana goma fa. Za ki iya?"

"Ni da ke da Ummu da kwamfuta? Kai dai ka ji da kanka, Malam. Wa zai dama maka fura a can?"

"Ke dai ce kewa za ta kama."

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce tana murmushi, ta miƙa masa jakar ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Watansu bakwai da aure. Kafin ita, Nu'man ya auri Atika, 'yar Fulanin Tozai, wadda zazzaɓi ya ɗauke shekara biyu da suka wuce, ta bar Ummu tana tatata. Raihana ta shigo gidan ta sami yarinya mai shekara huɗu da ba ta yarda da kowa. A wata na biyu Ummu ta daina ce mata Anti ta koma Umma, ba wanda ya sa ta.

Raihana ta yi kwas ɗin kwamfuta a Sakkwato, shi ya sa Nu'man ya gyara mata ɗan shagon da ke jikin zaure, ya sa sola, ya ba ta kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka tana buga wa mutane takardu. Shi kansa abin da ya iya da ita bai wuce kunnawa da danna abu sau biyu ba. Fuskar kwamfutar cike take da 'yan alamomin nan da ake kira aikon, na takardun makaranta da na hotuna, birjik. Ranar da ya ba ta, sharaɗi ɗaya ya kafa. Ya nuna kusurwar sama ta dama, inda hotunan Atika guda uku suke jere, kowanne bai fi kan babban yatsa ba.

"Waɗannan kada ki matsar da su. A wurinsu nake gane su."

"Ba zan matsar ba," ta ce. Kuma ba ta taɓa matsarwa ba.

Ranar Asabar wani dillalin albasa mai suna Mukhtari ya zo da abokinsa a buga masa wasiƙa. Ana cikin aiki Raihana ta ji ƙaurin tukunya, ta ce su yi haƙuri, ta ruga cikin gida. Da ta dawo sai ta tarar Mukhtari ya ja kujera, hannunsa a kan mawus, abin danna kwamfutar, hoton Atika ya cika fuskar kwamfutar. Hoton cikin ɗaki ne, na satin bikinta, ba ɗankwali, kitsonta ya sauko har kafaɗa.

"Kai, Mukhtari, wagga fa?" abokin yake cewa. "Malam ashe ya iya zaɓe!"

Raihana ta fizge mawus ɗin.

"Wa ya ce ka taɓa? Matar mutane ce, kuma tana kabari! Ku tashi ku fita!"

"Haba Hajiya, sori mana, hannuna ne ya..."

"Hannunka ya danna sau biyu da kansa? Ɗauki takardarka, a kai wani shagon!"

Bayan sun fita ta daɗe a zaune tana kallon fuskar kwamfutar. Ta yi alkawarin ba za ta matsar da komai ba. Amma gobe Lahadi ce, ranar kasuwa, shagon zai cika da maza daga Garu da Lafani har da mutanen Nijar, kowa idonsa a kan allon kwamfutar. Sai ta tuna abin da aka koya musu a kwas. Ta kai kibiyar mawus inda babu komai, ta danna ɓangarensa na dama. Jerin rubutu ya fito. Ta shiga layin farko, ta gangara na ƙarshe, wanda ke ba aikon izinin fitowa, ta cire 'yar alamar da ke gabansa.

Nan take komai ya ɓace. Sai shuɗin fili fes. Ba abin da ya goge, ba abin da ya motsa daga wurinsa, labule kawai aka ja. Takardun aikinta kuwa ta sandar da ke ƙasan allon za ta riƙa buɗe su.

"Yawwa," ta ce. "Yanzu mai ido ya kalla."

Ta ɗauki waya za ta gaya wa Nu'man, sai ta fasa. In ya ji abin da Mukhtari ya yi, ransa zai ɓaci yana tsakiyar hidimar mutane. Ta bari sai ya dawo.

Kowace Lahadi Inna Altine, mahaifiyar Atika, tana zuwa kasuwa da ƙwaryar nono. In ta sayar sai ta biyo ta shagon, ta miƙa 'yar wayarta mai tocila a sa mata caji, ta zauna a kan buhun da ke bayan ƙofa kamar awa ɗaya, tana tsokanar Ummu. Doguwar tsohuwa ce marar yawan magana. Atika ce 'yarta ta fari, don haka bisa kunyar Fulani ba ta taɓa kiran sunanta ba, tana raye ko bayan ta rasu. Ranar rasuwar ma ba wanda ya ga hawayenta.

Wannan Lahadin ta shigo kamar kullum.

"Sannu da aiki, ɗiyar birni. Ina mummunar nan?"

"Ke ce mummuna!" Ummu ta faɗa jikinta.

Raihana ta gaishe ta har ƙasa, ta karɓi wayar ta sa a caji, ta koma kan aikin wani tsoho. Inna ta zauna a kan buhunta. Ba a yi minti biyar ba Raihana ta ji motsi, ta waiwaya. Inna na tsaye, ƙwarya a kai.

"Inna, ba ki sha ruwa ba! Ga tuwo na kan wuta."

"Rana ta yi."

"Yanzu fa kika zo!"

Tsohuwar ta dubi Raihana wani irin kallo daga sama har ƙasa, ta fice. Ko wayarta ba ta karɓa ba.

Ranar Laraba da azahar babura biyu suka tsaya a ƙofar gida. Ɗaya Nu'man ne, wanda bai kamata ya dawo ba sai bayan kwana huɗu. Ɗayan Maccido ne, ƙanin Atika, da sandarsa a saɓe. Raihana ta fito da murna, ta ga fuskar mijinta, murnar ta koma ciki.

"Malam, lafiya? Mi ya faru?"

Bai kula ta ba. Ya shige shagon, Maccido na biye.

"Faɗi a gabanta," in ji Nu'man.

Maccido ya sunkuyar da kai. "Tun da Inna ta komo ran Lahadi ba ta ci abin kirki ba. Abin da ta ce kawai, gidan da anka share uwa, ɗiya ba ta zama. Ta ce in Malam ya tambaya, shi dubi allonshi. Ta ce in taho da yarinya."

Nu'man ya buɗe kwamfutar ya kunna. Shuɗin fili ya bayyana. Ya dubi kusurwar sama ta dama, ya daɗe yana duba.

"Raihana." Ya juyo gare ta. "Abu ɗaya na roƙe ki. Ɗaya!"

"Wallahi ban yi dilit ba, Malam, ban goge komai ba! Bari ka gani, minti ɗaya..."

Ta miƙa hannu. Ya rufe kwamfutar da ƙarfi har teburin ya girgiza.

"Kada ki taɓa! A gaban surukina za ki tsaya kina mayar mini da magana?"

"Ka saurare ni mana!"

"Shiga ki haɗa kayan Ummu."

"Ummu? Malam, Ummu fa ka ce!"

"A shari'a, in uwa ta rasu kakar wajen uwa ce ta fi kowa haƙƙin riƙo. Alfarma Inna ta yi mana ta bar ta. Yau ta janye. Da wane baki zan hana?"

Raihana ta haɗa kayan tana kuka, hawaye na ɗiga a kan 'yan rigunan. Da Maccido ya ɗora Ummu a gaban babur, sai yarinyar ta gane ba yawo za a je ba. Ta sandare, ta miƙo hannuwa biyu.

"Umma! Umma, ki taho! Ni ba ni zuwa!"

Har babur ɗin ya sha kwana ana jin muryarta.

Raihana ta share fuska da gefen hijabi, ta koma shagon. Nu'man na zaune ya haɗa kai da gwiwa. Ba ta nemi izini ba. Ta buɗe kwamfutar, ta danna dama, ta mayar da 'yar alamar nan. Aikon suka dawo gaba ɗaya, kowanne a mazauninsa, hotuna uku a kusurwarsu.

"Ɗago ka gani."

Ya ɗago. Bakinsa ya buɗe.

Ta ba shi labarin Mukhtari tun daga ƙaurin tukunya. Tana gamawa ya rufe fuska da tafin hannu, hawaye na zubo masa.

"Innalillahi. Ke kina rufa mata asiri, ni ina... Raihana, ki yafe mini. Na zalunce ki."

"Ka zalunce ni kam," ta ce, ba ta sassauta ba. "Minti ɗaya na roƙa ka hana ni. Amma wannan maganar ni da kai ce, za mu yi ta daga baya. Yanzu 'yata nake so."

Ya zaro waya. "Bari in kira Maccido in yi masa bayani."

"Dakata tukuna. Malam, Inna ba ta karatu, ba ta taɓa tambayata komai a kan kwamfutar nan ba. Ta ina ta san an taɓa wani abu?"

Shi ma bai sani ba.

Idonta ya faɗa kan 'yar wayar Inna da ke ajiye tun Lahadi. Ta ɗauka tana juyawa, sai wani abu ya faɗo mata. Duk Lahadin da ta karɓi wayar nan za ta sa caji, batirin a cike yake. Ta sha lura, ta ɗauka rigimar tsufa ce. Kuma Maccido yana da sola a ruga, shi da bakinsa ya faɗa.

Ta taka a hankali ta zauna a kan buhun bayan ƙofa, inda Inna ke zama. Ta ɗaga ido. Daga nan kafaɗar mai aiki na tare rabin allon, abin da ake hangowa sosai shi ne kusurwar sama ta dama.

"Wayyo Allah," ta ce a hankali. "Malam, zo ka zauna nan."

Ya zauna, ya duba. Hawaye suka sake zubo masa.

"Shekara biyu," ya ce. "Tun kwamfutar na zaure take zuwa cajin nan. Ashe ɗiyarta take zuwa gani."

"Shi ya sa ba za ka kira ba. In aka ce mata mun gane abin da ke kawo ta, mun tsiraita ta. Ko ta bar mana Ummu, ba za ta ƙara taka gidan nan ba."

"To mi za mu yi?"

Raihana ta ɗaga wayar. "Ta yi mantuwa. Gobe mu kai mata kayanta."

Washegari da safe suka kama hanyar Tozai a babur, kwamfutar na cikin jaka a cinyar Raihana, ta sake ja mata labule kafin su fito. A bakin ruga, Nu'man ya tsaya gindin bishiya wajen Maccido, kamar yadda ya dace da suruki. Raihana ta wuce wajen mata ita kaɗai.

Inna Altine na zaune a inuwar bukka tana kaɗa nono. Ummu na rakuɓe a gefe, ido a kumbure. Tana ganin Raihana ta ƙwalla ihu ta ruga ta ƙanƙame ta.

Raihana ta durƙusa. "Ina kwana, Inna? Kin yi mantuwar waya, na ce bari in kawo."

"Aje nan." Ko kallonta ba ta yi ba.

Raihana ta ajiye. Ta ja tabarma ta zauna ɗan nesa, ta ba Inna gefe, yadda duk wanda ke inuwar bukkar zai hango allon. Ta ɗora Ummu a cinya ta buɗe kwamfutar. Shuɗin fili ya fito. Maburgin Inna ya ƙara sauri.

"Ummu," ta ce da murya sama, "zo in koya miki wani abu. Kin ga ɗakina na da labule ko?"

"E."

"In baƙi maza sun shigo gida, mi nake yi?"

"Kina saki."

"In na saki labule, kayan ɗaki sun ɓace?"

Ummu ta yi dariya. "A'a! Suna ciki!"

"To ita ma kwamfuta tana da nata. Ran Asabar wani ƙato ya shigo shago ina wajen tukunya, ya sa hannu ya buɗe hoton mamanki, wanda ba ta da ɗankwali, shi da abokinsa suna kallo suna magana. Na kore su. Na ce mamar Ummu ba abin kallon 'yan kasuwa ba ce. Sai na saki labule."

Kaɗin nono ya tsaya cak.

"Yanzu duba. Nan babu maza."

Ta danna dama, ta mayar da alamar. Aikon suka watsu a allon, hotuna uku suka koma kusurwarsu.

Wata saniya ta yi kuka a bayan bukka. Can sai Inna ta yi gyaran murya.

"Ke ɗiyar birni, ba ki da hankali? Rana za ta ɓata maki abin ga. Matso da shi inuwa."

Inuwar kuwa ba ta wuce inda Inna ke zaune ba. Raihana ta matsa har gwiwarta na taɓa ta tsohuwar.

"Ummu, hannuna ya gaji. Sa yatsanki nan, danna sau biyu."

Yarinyar ta danna. Fuskar Atika ta cika allon, tana dariya, da wushiryarta da kitsonta. Shekara biyu Inna na kallon wannan fuskar daga bayan ƙofa, ba ta fi kan yatsa ba. Yau ga ta kamar za ta yi magana.

Raihana ta kawar da kai tana gyara wa Ummu ɗankunne, ta daɗe tana gyarawa. Ta gefen ido ta ga hannun tsohuwar ya taso, yatsa ɗaya ya shafi kumatun da ke allon, sannan Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta duka. Mayafin ya daɗe yana motsi.

Da ta buɗe, muryarta ta koma yadda take.

"Saki labulenki. Maza na waje."

Raihana ta saki.

Inna ta ɗauki maburginta, ta harari Ummu. "Ke kuma mummuna, kwana guda kin hana ni barci, kin shanye mani nono. Tattara tsummanki ki bi uwarki."

Ummu ta dubi allon, ta dubi kakarta. Inna ta nuna Raihana da baki.

"Wagga nike nufi. Kina da wata ta biyu da ke goyonki?"

Nan Raihana ta kasa riƙewa, ta kifa kai a gwiwar Inna ta fashe da kuka. Tsohuwar ta dafa kanta sau ɗaya, ta ce ta tashi kada ta zubar mata da nono.

A hanyar komawa, Ummu a gaba, Raihana a baya, Nu'man ya rage gudu.

"Amarya, maganar da kika ce za mu yi daga baya fa?"

"Tana nan. Na saki mata labule ne kawai, ban yi dilit ba."

Ya yi dariya har babur ya yi tangal-tangal. Kuma sun yi maganar, ya ba da haƙuri yadda ya kamata, tun daga ranar bai ƙara yanke hukunci a gidansa ba sai ya ji ta bakinta.

Har yau in ka shiga shagon Raihana, shuɗin fili za ka gani a allon, ba ka san abin da ke bayansa ba. Amma kowace Lahadi bayan azahar takan ce wa kwastomomi za ta duba tukunya, su ɗan jira a waje. Ta ɗage labulen kwamfuta, ta tura ƙofar shago, ta shige gida ta bar wata tsohuwa a kan buhu tana jiran wayarta ta cika. Ba wanda ya taɓa ce wa Inna batirin a cike yake.

Ni da na kawo muku labarin nan na binne nawa, na san yadda mai rashi ke neman ɗan abin da zai kalla ba tare da an gan shi ba. Don haka 'yan uwana, in kun ga abu ya ɓace daga idonku, ku tambaya kafin ku ce an share. Ku ba wanda kuke zargi minti ɗayan da ya roƙa. In kuma Allah ya nuna muku inda wani ya ɓoye kewarsa, ku yi kamar ba ku gani ba, ku gyara masa wurin zama. Raihana ta yi haka, ta riƙe mijinta da 'yarta, ta kuma sami uwa a Tozai.